Kwalekwale Ya Samu Sabuwar Kasuwa, Ina Rabon Mai Filafili?

Duk wanda ya tashi a zangon da ke bakin ruwa, Yeji ne ko Buipe ko Yapei ko Kete Karaci, ya san kwalekwale aiki biyu gare shi: su da fito. Da shi ake zuwa duba taru da asuba, da shi kuma ake ƙetarar da mai doya da mai gawayi ran kasuwa. Ba mu taɓa jin dattijon da ya ce zai shiga jirgi don shan iska kawai ba, in ma ya faɗa sai an tambayi iyalinsa ko lafiya. To, ga shi yau a ƙasar nan tamu ta Gana akwai wuraren da mutum zai taso tun daga Jamus ko Kanada, ya biya kuɗinsa, a zaunar da shi cikin irin wannan kwalekwale na katako, a zaga da shi awa ɗaya ko biyu, a komo da shi daidai inda aka ɗauke shi, ko tarwaɗa bai kamo ba, amma ya sauka yana ta godiya. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido na kan kogi. Kasuwa ce sosai, kuma a ƙofar gidanmu take ci. Abin da ya dame mu shi ne, mu da filafili ya yi wa hannuwanmu kanta, wane rabo muke da shi a cikinta?

Bari mu fara bambance wa mai karatu jiragen da ake wannan harka da su, iri uku ne. Na farko kwalekwale, ba sai an gabatar da shi ba. Na biyu shi ne kayak, watau wani ɗan siririn jirgi na mutum ɗaya ko biyu, wanda ake zama a cikinsa ƙafafu a miƙe, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu, a tsoma dama a tsoma hagu. Asalinsa na mafarautan ƙasashen ƙanƙara ne na can ƙuryar arewacin duniya, waɗanda suke ɗinka nasu da fata, amma na yanzu da roba mai tauri ake yin sa. Na uku jirgin roba ne da ake hura wa iska, yana ɗaukar kamar mutum 6 zuwa 8, kuma an yi shi ne don wurin da kogi ke gangarowa da gudu yana dukan duwatsu. Masu wannan wasa har daraja suka yi wa haukan ruwa, daga 1 zuwa 6, kuma mai hankali ba ya shiga na 6. A nahiyarmu an fi sanin irin wannan a Jinja ta ƙasar Yuganda, inda kogin Nilu ya faro, da kuma kogin Zambezi. Mu nan Gana ruwanmu mafi yawa mai kwanciya ne, saboda haka kasuwarmu ta kwalekwale ce da ɗan kayak.

A Ada Foah, inda Bolta ke faɗawa teku, da kuma Atimpoku kusa da gadar Adomi, masaukan baƙi suna ba da hayar kayak da jirage masu inji. A can yamma, ana shiga kwalekwale daga Beyin a ratsa fadama zuwa Nzulezo, ƙauyen nan da aka gina bisa turaku a kan ruwa. A Mognori, gefen gandun dajin Mole, mutanen ƙauye suna zagawa da baƙi cikin kogin Mole kallon birai da tsuntsaye. Amma wurin da ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne Wechiau, don kuwa akwai 'yan'uwanmu a cikin labarin.

Wechiau hedkwatar gundumar Wa ta Yamma ce, a yankin Upper West. Daga nan ba nisa sai Baƙin Bolta, wanda a wannan wuri shi ne iyakarmu da Burkina Faso, inda suke kiransa Muhun. A cikin wannan ruwa akwai ɗaya daga cikin garkunan dorina biyu kacal da suka rage a ƙasar nan, ɗayan yana Bui. Da yawa daga cikinmu ba mu san dorina ba sai a hannun malamin allo, watau bulalar da ake yi da fatarta, kuma wanda ya ɗanɗana ba ya mantawa. To, mai fatar ita kanta tana neman ƙarewa, har a shekarar 2006 aka sa ta cikin jerin dabbobin duniya da ake tsoron ɓacewarsu.

Da hukuma ta kawo shawarar a mayar da bakin kogin gandun gwamnati, sarakunan yankin ba su yarda ba, don sun san abin da yakan biyo baya, watau ƙasa ta fita daga hannun masu ita. Maimakon haka, a shekarar 1998 Wechiau Naa da sauran sarakuna da masu ƙasa suka keɓe wurin da kansu, tsawon kilomita 40 a bakin kogi, ya haɗa ƙauyuka 17. Wata ƙungiyar kare halittu ta ƙasar nan mai suna NCRC ta taimaka da tsari, gidan namun daji na birnin Kalgari a Kanada ya shigo da tallafi. Aka raba ƙasar biyu. Sashen da ke manne da kogi aka bar wa dorina, ba noma, ba farauta, ba saran itace. Sauran kuwa jama'a suka ci gaba da rayuwarsu. Kwamiti na sarakuna da masu ƙasa da wakilan ƙauyuka shi ke riƙe da wurin. Daga kuɗin baƙi da gudummawar abokan hulɗa aka haƙa rijiyoyin burtsatse, aka gina makarantu, aka kai fitilu masu aiki da hasken rana. Da aka ga kuɗin baƙi kaɗai ba za su riƙe ƙauyuka 17 ba, sai aka haɗa da cinikin kaɗanya wadda mata ke tsinta. A shekarar 2008 wurin ya samu lambar yabo ta Equator daga hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Ƙabilu huɗu ke zaune a yankin: Wala, waɗanda su ne masu ƙasa, da Birifor, da Dagaaba, da Hausawa, waɗanda aka sani da su. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Yadda tafiyar take, baƙo yakan yi rajista a ofishi cikin gari, a haɗa shi da ɗan jagora, su nufi masaukin Talawona kusa da kogi. Da sassafe ko da la'asar ake shiga ruwa. Lokacin rani ya fi, don in ruwa ya janye dorinai sukan taru a gurabe masu zurfi, amma da damina in kogi ya cika ya batse sai su watsu, a wuni ana nema ba a gani ba. Ba a sa inji. Kwalekwale na tafiya shiru, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga filafili da kukan tsuntsaye, waɗanda aka ƙidaya fiye da iri 200 a wurin. Can sai matuƙi ya tsaya, ya nuna da haɓa. Baƙo ya duba bai ga komai ba sai wasu 'yan duwatsu. Jim kaɗan dutse ya kaɗa kunne, ya yi tsartuwa.

A nan ne muke so mai karatu ya lura da wanda ke riƙe da ran kowa a cikin jirgin. Dorina ba abin wasa ba ce. Namiji yakan kai kilo 1,500, wani ya zarce nesa. Tana iya nutsewa kamar minti 5 ba ta ɗago ba, kuma a ƙasan ruwa tafiya take yi da ƙafa, saboda haka inda ta nutse dabam, inda za ta ɓullo dabam. In ta wangame baki, baƙo ya ɗauka hamma ce ya ɗaga kyamara, amma matuƙi ya san gargaɗi ne. Mace mai ɗa ba a kusantarta. Ba a shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi, don nan ne mafakarta, kuma duk abin da ya tare mata hanya tunkuɗe shi za ta yi. Wane gurbi suka kwana, ina iska ke kaɗawa, ina dutse yake a ɓoye, nisa nawa ya isa a tsaya, duk wannan ba a cikin littafi yake ba. Ilmi ne da yaro ke ɗauka yana zaune a gindin jirgin ubansa yana kwashe ruwa da ƙoƙo. In babu wannan ilmi, babu kasuwar gaba ɗaya.

Mu ba baƙin wannan kogi ba ne, ko da yake har gobe wasu haka suke kiranmu. Kakanninmu fataken Gwanja sun yi ƙarnuka suna zuwa Salaga sayen goro. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, da yawansu suka koma bakin Bolta, cikinsu har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete Karaci har ya rasu a 1934. A kan ruwan nan jirage ke hauro da gishirin Ada zuwa kasuwannin arewa. Masunta kuma suka biyo kifi, kamar yadda Sarkawan Kabi da Yawuri suka saba bin ruwa duk inda ya kai su. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tabki ya shafe kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000, tsohuwar Kete Karaci ta nutse. Watau duk sauyin da ya sami kogin nan, da mu ya sama. Wannan na yawon buɗe ido shi ne na baya-bayan nan.

To, ina matsalar take? Manomi gonarsa ƙasa, masunci gonarsa ruwa. Duk inda aka ce za a kare dabbar ruwa, dokar farko a kan masunci take sauka: kada ka kafa taru a nan, kada ka yi amfani da koma mai ƙananan idanu, kada ka kusanci wancan gurbi. Dokoki ne masu kyau, kuma shi kansa masunci zai amfana in kifi ya hayayyafa. Amma asarar yau tasa ce shi kaɗai, ribar gobe ta kowa da kowa. Bugu da ƙari, a Wechiau dokar ta tsaya ne a gaɓar Gana, wanda ke ɗaya gaɓar ba ta hau kansa ba, alhali kifin bai san iyaka ba. Sa'an nan masunci Bahaushe ba mai ƙasa ba ne, a zaman amana yake. In aka zauna rabon amfani, muryar mai ƙasa ita ce a gaba, kuma haka al'ada ta tanada, ba mu ja da wannan ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda bai halarci zama ba, ba ya cewa an manta da shi. Mun san halinmu. A kira taron kwamiti, mu ce muna da aiki a ruwa, ko mu ce ai zancen 'yan ƙasa ne. Ranar da doka ta fito kuma mu dawo masallaci muna gunaguni.

Wanda yake ganin halartar irin wannan zama ɓata lokaci ne, ya tuna abin da ya faru a gandun Digya na gwamnati. A watan Afrilu na 2006 aka tashi masunta da iyalansu daga tsibirin Dudzorme da ke cikin gandun, aka loda su a jirgi fiye da kima, jirgin ya kife a tabkin Bolta, rayuka suka salwanta. Can ba a tambayi masunci ba. A Wechiau akwai tabarmar da aka shimfiɗa, saura a zauna.

Abu na biyu ya shafe mu malaman makaranta kai tsaye. A cikin kwalekwalen baƙi yawanci mutum biyu ke aiki, mai tuƙi da mai magana. Mai tuƙi shi ya san kogi, mai magana shi ya san Turanci. Baƙo da mai magana yake hira, sunansa yake riƙewa, shi yake yi wa alheri in an sauka, shi kuma yake rubuta wa abokansa su nema a intanet. Mai tuƙi ya karɓi ladan guminsa ya koma gindin bishiya. Ba laifin kowa ba ne, haka kasuwa take. Amma me zai hana mutum ɗaya ya haɗa biyun? Yaron da ya tashi a jirgi, ya kuma gama sakandare, ya iya faɗin sunan tsuntsu da Turanci da Hausa da Wali, ya iya ba da tarihin Salaga da na gishirin Ada, wannan babu mai kama ƙafarsa. Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Gana, wadda aka kafa da dokar 2011, ita ke ba 'yan jagora lasisi, kuma ba ta tambayar ƙabila. Sai dai kash, 'ya'yan masunta su ne kan gaba wajen barin aji. Duk malamin da ya koyar a garin bakin ruwa ya san yadda kujeru ke zama wayam in kifi ya kama. Uba yana ganin ya ƙaru da hannu ɗaya a jirgi, bai san ya yanke wa ɗansa rabin sana'ar da kogin ke shirin ba shi ba. Ba mu ce a raba yaro da ruwa ba. Ruwan ma shi ne rabin jarinsa. A bar shi ya je ran Asabar da lokacin hutu.

Akwai dattawanmu da ke ƙyamar harkar saboda shigar wasu baƙi da shaye-shayensu. Damuwar tana da tushe. Amma maganinta shi ma yana wurin kwamiti, don a nan ake rubuta abin da baƙo zai yi da wanda ba zai yi ba, kuma yawancin masu zuwa kallon dorina mutane ne masu bin doka in an gaya musu. Mata kuwa, masu koko da ƙosai da masu banda, ba su jira fatawar kowa ba, duk inda mota ta tsaya suna nan.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa kasuwa ce mai tabbas. Da annobar korona ta zo a 2020, aka rufe iyakokin ƙasa na tudu har shekara biyu, jirage suka bushe a kan yashi. Rikicin da ake yi a Burkina Faso yana sa baƙin waje ɗari-ɗari da duk wurin da ke kan iyaka. Madatsa ma tana iya shafe kasuwa dare ɗaya: a Yuganda, madatsar Bujagali ta 2012 ta haɗiye gangaren da masu jirgin roba suka fi so, mu kuma tamu ta Bui ta 2013 ta cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na gandun da ɗaya garken dorinar yake. Ga kuma galamsey. Wanda ya ga yadda Pra da Ankobra da Offin suka koma kamar kunun kanwa, ya san babu mai biyan ko sidi ɗaya don a zaga da shi cikin taɓo. Saboda haka masunci kada ya sayar da tarunsa. Kuma in ana so kasuwar ta tsaya da ƙafarta, sai 'yan gida sun shiga. Ƙungiyoyin matasanmu na Nima da Aboabo da Sabon Zango suna haɗa kuɗin mota bayan Salla su tafi bakin teku ko Kintampo. Sau nawa suka nufi Wa, inda za su sami masallaci da tuwo da mai jin harshensu a bakin kogi?

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. A wuraren da aka tsara da kyau, ba a barin baƙo ya taka jirgi sai an ɗaura masa rigar ceto, watau rigar nan mai soso da ke hana nutsewa. Ana ƙidaya mutane, in jirgi na 5 ne ba a sa na 6. Madalla. Amma irin wannan jirgi, a irin wannan ruwa, shi ke ɗaukar 'ya'yanmu zuwa makaranta ba riga ba ƙidaya. A watan Janairu na 2023 'yan makaranta 8 suka nutse a tabkin Bolta cikin gundumar Sene ta Gabas, suna hanyar zuwa aji. A watan Mayu na shekarar, wasu 9 suka rasu a Faanaa, gefen Ankara, suna komowa gida. A watan Yuni na 2025 ɗaliban sakandare 7 suka nutse a Baƙin Bolta kusa da Lawra, kogin nan dai na dorina, can sama kaɗan. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. Bayan kowane haɗari akan zo da manyan motoci a raba riguna, a ɗauki hoto. Bayan wata uku ka iske rigar an mayar da ita matashin kai, ko an ce ai mai iyo ba ya bukata, ko a ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Gaskiya ne, amma wanda ya ce a dogara ga Allah shi ya ce a ɗaure raƙumi.

Matuƙin da ya saba da baƙi ya riga ya koyi wannan tarbiyya, ya san ɗaure riga, ya san cewa a'a in jirgi ya cika. Shi ya kamata shugabannin makarantu su gayyato ya koya wa yara da 'yan fito, ba sai an jira wani daga Ankara ba. Har ila yau, ga wata shawara ga kwamitocin wuraren baƙi da sarakunan zango da ƙungiyoyin iyaye da malamai. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da kogi ke cika, baƙi sukan ragu ƙwarai, rigunan ceto suna rataye a sito. A cikin waɗannan watanni ne kuma ake komawa makaranta, a Satumba, ruwa yana kan ganiyarsa. A ƙidaya rigunan, a rubuta a littafi, a ba makarantar da ke kusa aro, hedimasta ya sa hannu, ya mayar da su a Nuwamba in baƙi sun fara dawowa.